Yadda Na Zama Sarkin Ruwa

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ke tsuke bakin aljihu, otal ya fi ƙarfinmu, sai na yanke hukunci: za mu zagaya tsibirin Anglesey da mota, muna kwana a tanti. Na ɗauko hayar tanti da risho a unguwar Levenshulme, muka kama hanya da matata da abokina Dakta Sani na unguwar Sparkbrook ta Birmingham.

Da hantsi muka isa bakin teku. Na tarar Turawa sun cunkushe can sama kan ciyawa, sun bar yashi mai laushi fetal. Har tausayi suka ba ni.

Ina kafa tanti, wata tsohuwa ta ce mini ruwa yana dawowa nan da yamma. Na gode mata, na sanar da ita ni injiniya ne. Mu a Katsina, ruwa in ya janye sai wata damina.

"Injiniya, anya kuwa?" in ji matata.

"Ɗora girkinki kawai."

Ina jan sallar la'asar, na kai goshi ƙasa, na ji sanyi. Kafin mu sallame, tukunyar dafa-duka ta kama hanyar teku, tanti na bin ta. Turawan nan suka sauko suka taya mu ceton kaya, ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi mini ciwo.

Har yau in na shiga taron suna a Birmingham, Sani zai miƙe tsaye: "A ba Sarkin Ruwa wuri! Ranka ya daɗe, a kawo buta, ko ka taho da tekunka?"