Ranar da Na'urar Injiniya Ta Nuna Hijabina

Ba zan taɓa mantawa da daminar bara ba. Ruwa ya yi albarka, gero ya yi kyau har Bakura, amma ni a ruɗe na ci shekarar.

Shinkafa da wake nake sayarwa a wata babbar makaranta a Talata Mafara, a jikin bangon ɗakin kwamfuta. Saman kaina akwai wani farin akwati mai ƙaho biyu, wai shi ke raba wa ɗalibai intanet ta iska. Ni dai ban taɓa ganin abin da yake rabawa ba.

Allah ya yi ni da ƙaramar murya. In na ce "abinci ya sauka", ni kaɗai nake jin kaina. Sai ƙanena ya kawo mini tsaraba daga Maradun: lasifika da ɗan makirfo marar waya da ake maƙalawa a wuyan riga. Nakan kunna kafin azahar, in tukunya ta ƙare in kashe.

A wannan watan ne intanet ɗin makarantar ya kamu da farfaɗiya. Da safe lafiya, da la'asar lafiya, rana na take sai ya ɗauke. Jarrabawar kwamfuta ta ajin ɗiyata Saratu aka ɗage, aka sake ɗagewa, har aka ce in ta ƙara lalacewa sai wani zangon karatun. Yarinya ta daina cin abinci.

Injiniya Bello, mai kula da akwatin, ya hau tsani ya sauka, ya canza wayoyi, ya canza akwatin ɗungurungum. Tausayi yake ba ni, kullum ina ƙara masa wake. Har shawara nake ba shi (ni da karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba).

"Injiniya, ko hadari ne? Rediyona ma haka yake yi in ruwa zai sauko."

"Inna, ran Juma'a an sha ruwa, kuma bai ɗauke ba."

(Ba na fitowa ran Juma'a. Wallahi ban kawo komai a raina ba.)

"To ko tsamiyar can ce? Ka san tsamiya da mutanen ɓoye. A dai haɗa da addu'a."

Ni ma ban zauna ba. Da zarar ɗalibai sun fito suna tsaki, sai in ƙara ƙarar lasifika: "A yi haƙuri, 'ya'yana, a zo a ci kafin ya dawo!"

Ranar ƙarshe da aka sa wa jarrabawar, ina kunna makirfo intanet ya ɗauke. Aka fito duu, Saratu ido jajir ta tsaya kusa da ni. Sai ga Injiniya da wata na'ura da ya aro ta gano abin da ke tare intanet, yana juyi a hankali kamar baƙo mai neman alƙibla, shugaban sashe da ɗalibai na biye da shi. Ya nufi tsamiya, na ce a raina, "Yauwa!" Ya juyo. Ya zo teburina. Ya nuna tukunya, shiru. Ya ɗaga na'urar saitin hijabina, ta hau ƙyafta ja.

"Inna, mi ke ga wuyanki?"

Na fiddo makirfo. Ya dafe kai. Wai shi da akwatin hanya guda suke bi a iska, nawa kuma ya fi hayaniya. Ban gane ba, na ce ai ni ban ga hanya ba. Ya sake bayani. Na sunkuya wajen kunnen Saratu na raɗa mata:

"Ke, ashe ni ce tsamiyar?"

Na manta abin a kunne yake. Har masu gadin ƙofa sun ji. Shugaban sashe sai da ya riƙe bango don dariya, Saratu ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuwa ludayi a hannu, na rasa inda zan duba.

Aka kashe makirfo, intanet ya dawo, suka shiga suka yi jarrabawarsu. Saratu ta ci, kodayake ranar ba ta yarda mun jera zuwa gida ba.

Tun daga nan, kafin in ɗora wa aljanu laifi, sai na fara shafa wuyana.

Washegari na kulle makirfo a ƙasan akwatin kayana. Da abinci ya sauka, na tsaya ƙarƙashin farin akwatin, na ɗaga ludayi da murfin tukunya, na leƙa taga na tambayi Injiniya ko su ma suna da hanya a iska. Sai da ya ce babu, sannan na buga.