Ranar da Kamilu Ya Ba da Hadda a Gaban Baffa

Abubuwa da yawa na zamana a Doha sun fara shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a lokacin gasar cin kofin duniya ba. Ranar ce na shirya tsaf na tafi gidan surukai, na kuma ɗauki wanda zai tona mini asiri a motata, har ina tambayarsa ko sanyin motar ya yi masa daidai.

Bari in ɗan koma baya. Lokacin da korona ta shigo aka kulle gari, ina aikin kula da kwamfutoci a wani kamfani, ina zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Al Aziziya. Abokin zamana wani ɗan ƙasar Kolombiya ne mai suna Camilo, wanda mu Hausawa muka yi wa gyaran suna ya koma Kamilu (bai yi gardama ba, har da "na'am" yake amsawa). Aikinsa koya wa yara ƙwallo a wata makarantar wasanni. Yarensa Sifaniyanci ne, Turancinsa kuwa iya na filin ƙwallo: gudu, buga, tsaya. To sai masu makarantar suka ce masa in an buɗe gari dole ya riƙa yi wa iyayen yara bayanin yadda wasa ya kasance, in ba haka ba su nemo wani. Shi kuma duk abin da ya riga ya wuce ba ya iya faɗinsa da Turanci. A bakin Kamilu komai yau yake faruwa, har auren kakarsa.

Ni kuma ina da wata cuta da ta riga korona shiga jikina, wato son a kira ni malam. Na ce, "Kamilu, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun masu abin." Daga ranar ya fara kirana Profe, malam ke nan a yarensu. Kaina ya ƙara girma har hulata ta shaida.

Kalmomi masu ladabi, waɗanda ake liƙa wa "ed" a wutsiya su koma jiya, ba su ba shi wahala ba. Masu taurin kan ne suka kusa sa shi kuka. Ya riƙe kai ya ce don me "go" zai wayi gari ya zama "went", alhali ko kama ba sa yi? Na tambaye shi yadda abin yake a nasu yaren, ya ce "voy" ne ke komawa "fui". Na ce to ka ji, kowa da mahaukacin gidansu, zauna mu yi karatu.

Sai na ƙirƙiro wata dabara da na yi ta alfahari da ita. Na hana shi haddace jerin kalmomi daga takarda. Dokata ita ce kullum da safe, kafin ya sha kofi, ya miƙe tsaye, hannuwa a baya, ya ba ni labarin abin da ya faru jiya. Kuma ban da ƙage, sai abin da ya gani da idonsa, domin a cewata abin da mutum ya gani shi ke zama a ka.

Abin da hankalina bai ba ni ba shi ne, mutumin da aka kulle a gida, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta, me zai gani da idonsa in ba ni ba? Haka kullum zai tsaya ya ce, "Yesterday Profe ate. Profe slept. Profe ate again." Ni kuma ina kishingiɗe ina tafa masa. Ranar da ya ce na "breaked" kujera, da bakina na gyara masa na ce "broke" ake cewa, ya maimaita har ta zauna. Wata da watanni ina wasa wuƙar da za a yanka ni da ita, ina jin daɗi.

Aka buɗe gari, Kamilu ya riƙe aikinsa, ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Na ɗauka labari ya ƙare ke nan.

Duk wannan lokacin akwai Rukayya, 'yar Zariya, wadda muka daɗe muna magana ta waya, kuma na riga na sa a raina ita ko babu. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun baffanta, Alhaji Garba, tsohon shugaban makarantar sakandare, mutumin da har yau in ya gyara murya manya suke gyara zama. Magabatana sun je, ya karɓe su da mutunci, amma ya ce shi ba zai ba da 'ya ga mutumin da ke wata ƙasa ba, wanda ba a san abin da yake aikatawa ba in ya rufe ƙofa. Sai an yi bincike. To wa zai yi bincike daga Zariya zuwa Doha?

Kwatsam gasar kofin duniya ta zo, ɗan Alhaji Garba, Dakta Nura, likita da ke zaune a unguwar Al Gharrafa a nan Doha, ya kawo shi kallo. Rukayya ta kira ni ta ce, "Ka san dai Baffa bai san bambancin gola da alƙalin wasa ba. Ba ƙwallo ce ta kai shi ba, kai ne."

Na tashi haiƙan. Duk Bahaushen da na sani a Doha, daga injiniyoyi har direbobi da masu gadi, na bi su ɗaya bayan ɗaya bayan sallar Juma'a ina gaisuwar da ta wuce ƙa'ida. Kowa ya gane, kowa ya ce, "Kada ka damu, mun san abin da za mu faɗa." Suka kuwa faɗa. Na ji an ce wani har rantsuwa ya yi cewa bai taɓa ganin na yi dariya da ƙarfi ba.

Ranar da na fara zuwa gaishe da Baffa, ya tambaye ni ko ina da wani abin yi bayan aikin ofis. Maimakon in ce a'a in tsira da mutuncina, sai cutar nan tawa ta motsa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ina ɗan koya wa Turawa Turanci, Baffa." (Turawa fa na ce, da jam'i, alhali Kamilu ne kaɗai, shi ma ba irin Baturen da Baffa yake nufi ba.) Idon tsohon malami ya yi haske. Ya ce, "Madalla. Ka zo mini da ɗaya ranar Juma'a, in ji aikin naka." Mai hankali da ya ƙirƙiro zazzaɓi. Ni murna na yi.

Juma'a ta zo. Muka zauna a kan darduma a falon baƙi, matar Dakta ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, talabijin tana nuna 'yan kallo suna ta tururuwa zuwa filin wasa. Kamilu ya sha farar riga, ya durƙusa ya gaishe da Baffa yadda na koya masa. Komai yana tafiya sumul. Can Baffa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, da me ka cinye lokacin kullen nan?"

Na ce, "Karatu ne, Baffa, sai motsa jiki. Na kuma koyi girki."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga Kamilu, da irin Turancin nan nasu na mutanen da, ya ce, "To ɗalibi, ba ni labarin abin da malaminka ya yi a lokacin kulle."

Wallahi na ga lokacin da fuskar Kamilu ta washe. An yi masa tambayar da ya fi kowa sanin amsarta a duniya. Ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye, ya kai hannuwa baya.

"He ate," in ji shi, yana danna kalmar kamar mai buga hatimi. Ya ce daga tukunya nake ci, a tsaye, don kada in wanke faranti. "He slept." Ya ce ana tsakiyar taron ofis ta kwamfuta nake kashe kyamara in miƙe, har wata rana shugabanmu ya yi ta kiran sunana, shi Kamilu ne ya tashe ni da filo. "He broke." Motsa jikin nan da na faɗa, ya tabbatar an yi shi, rana ɗaya, kuma kujera ce ta ji a jikinta. "He burnt." Girkin ma an yi, shinkafa ce ta ƙone har ƙararrawar gobara ta tashi, duk mutanen benen suka sauko da takunkumi suka tsaya cikin rana suna neman mai laifi, ni ma ina taya su nema.

Na ce, "Kamilu, khalas, ya isa haka, zauna, tuwo zai huce."

Baffa ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. "Malam, ba a katse ɗalibi yana ba da hadda."

Kamilu ya ci gaba. Ya ce na yi wa kaina aski, na ɓoye a cikin hula har gashi ya fito. Na ga kyankyaso a banɗaki, na gudu, na hau gado, na kira shi da sunan da ko uwarsa ba ta kiransa da shi. Dakta Nura ya kama wani tari na ƙarya, hawaye suna zuba, ya ce bari ya ɗebo ruwa, alhali ga ruwa a gabansa.

Duk wannan da sauƙi. Ina cikin addu'ar Allah ya sa kalmomin su ƙare, sai na ji, "He wept." Ya ce akwai lokacin da Rukayya ta yi fushi ta ƙi ɗaga wayata, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka da majina. Rukayya fa, ya kira sunanta ƙarara a gaban baffanta, sunan da ni ko a waya ba na iya furtawa in Baffa yana kusa. Sai ya ƙara da cewa, "And he sang."

Baffa ya ce, "Me ya rera?"

Kamilu ya dafa ƙirji, ya lumshe ido, ya saki murya da Hausa, wata 'yar waƙa da ni na ƙaga da kaina ina wanke-wanke, ban taɓa sanin yana saurare ba: "Rukayya, ɗaga waya, Rukayya, ruwan randa, in kin ƙi ni zan rame." Har da ɗan karya ƙugu irin na ƙasarsu. Daga cikin gida na jiyo dariyar mata ta ɓarke, wata har da buga ƙofa. Ni kuwa na kafa wa darduma ido. Yau in ka ba ni biro zan zana maka furanninta ɗaya bayan ɗaya. Kunya irin wadda na ji ranar ban san akwai ta ba, ji nake kunnuwana suna hayaƙi.

Baffa ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Shi ke nan?"

Kamilu ya ce a'a. Muryarsa ta sauka. Ya ce korona ta kama shi, ta kwantar da shi sosai, abokaina suka ce in tattara in koma wajensu kafin ta kama ni. "He never went," in ji shi. Ya ce ni nake ajiye masa abinci a bakin ƙofa, in zauna a nan ina yi masa hira don kada tsoro ya kashe shi, ni nake kiran mahaifiyarsa a waya ina yi mata bayani da hannu tunda ba ma jin yaren juna. Ya ce miyar ma ƙonewa take yi, amma ya sha.

Baffa ya mayar da tabarau ya ce, "Turancinsa ya yi kyau, babu kuskure ko ɗaya." Daga nan ya juya ga talabijin, bai sake ce mini uffan ba har muka yi sallama.

A mota Kamilu yana ta washe baki. "Profe, na ci jarrabawa?" Na ƙara wa mota wuta. Tunani nake ko in zarce da shi gonakin Umm Salal da ke bayan gari in sauke shi a can in dawo. Zuciyata ta riga ta karye, na tabbata aure ya rushe, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, tunda ni na kafa dokar gaskiya zalla.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Rukayya ce. Ko sallama ba ta yi ba, sai na ji, "Rukayya, ɗaga waya..." Ta yi dariya har ta shaƙe. Da ta samu numfashi ta ce Baffa ya kira gida, ya tara su a waya, ga abin da ya ce: "Na tambayi Hausawan nan, kowa ya ce mini yaron nan ko tururuwa ba ya takawa. Ban yarda da ko ɗaya ba, na san hira aka yi musu. Wannan yaron na Kolombiya ne ya nuna mini mutum, mai ci, mai barci, mai tsoron kyankyaso, amma bai gudu ya bar marar lafiya ba. A ba shi. Sai dai kada a bar shi da tukunya."

Aka ɗaura aure a Zariya. Ranar kamu ƙawayen amarya waƙata suka rera, an ce har da amshi. Baffa kuwa har yau in na kira in gaishe shi, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Malam, ta dai ɗaga wayar?"

Abin da na koya shi ne, kafin ka koya wa mutum faɗin abin da ya faru jiya, fara tuna abin da kai ka yi jiyan a gabansa. Kwanan baya Kamilu ya kawo mini wani abokinsa ɗan Ajantina wai shi ma yana son karatu. Na karɓe shi hannu bibbiyu, amma na gaya masa tun daga ƙofa cewa yanzu abin da zai faru gobe kawai nake koyarwa.