Randa Mai Tsaga da Baƙin Ramin Sama

"Lafiya lau nake, duk da mijin banzan da Allah ya haɗa ni da shi. Shigo mana!"

Iya Yelwa ke nan, take tarbar jikanta Abdulganiyu a gidanta na Sule Tankarkar. Randa ɗaya ta aike shi ya sayo mata a kasuwar Maigatari, sai ga shi da biyu, yana haɗa gumi. Ba banza ba kuwa. Ya samu gurbin ƙaro karatu a Indiya, amma mahaifinsa ya kafe sai ya kama aikin da ya samo masa a sabuwar jiharsu ta Jigawa. Duk duniya Iya kaɗai ke iya tanƙwara uban. Shi kuwa Abdulganiyu ya rantse yau ba zai fita ba sai da yardarta.

"Amarya marar haƙori, zaɓi ɗaya."

"Ango mai ƙafar sauro! Matso da su."

Ta ƙwanƙwasa ta farko da zobenta, ta yi ƙara tangaram. Ta biyu kuwa sai ta ce ƙwaf, ta yi shiru.

"Kai! An cuce ka. Wannan da tsaga a jikinta."

"Ina tsagar? Nuna min."

"Ido ba ya ganinta, sakarai. Kunne ke ji."

"Da gangan na sayo ta. Iya, karatun da zan je yi ke nan."

"Ginin tukwane? Har Indiya?"

"Saurara dai, tsohuwa. In ƙaton tauraro ya mutu, sai ya rufta ya zama baƙin rami, ko haske ya faɗa ba ya fitowa. In wani abu ya afka ciki, ramin yakan girgiza ya yi amo kamar randarki. Tsohon lissafi ya faɗi yadda amon zai kasance. Amma ƙananan abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta suna da tasu dokar, kuma ana zaton tana ɗan sauya amon, kamar tsagar nan. Ni sauyin nake son lissafawa."

"Kai ka taɓa jin amon?"

"Ba wanda ya taɓa ji. Ba a gama ƙera na'urar da za ta ji shi ba tukuna."

"La'ilaha illallahu! Za ka bar matarka saboda randar da ba a ƙwanƙwasa ba?"

"Matar da ta girmi kukar ƙofar gari? Ai sauƙi na samu."

"Wa zai aure ka a can da wannan wuyan?"

"Ko ba kowa, zan tafi. Wallahi raina na kan abin nan, Iya. In na zauna a ofis, baƙin ciki zai kashe ni."

Iya ta murza zoben. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Shekaru sun ja, kuma Indiya ba Gumel ba ce.

"In aka ji amon ba na nan fa?"

"Ke? Ai ke za ki binne mu duka."

Ta tuntsire da dariya har da ƙwalla, ta jefe shi da mafici.

"Ja'iri! Je ka kira min ubanka. Mai kyan kuma ka kai wa uwarka."

"Mai tsagar fa? Ba ta riƙe ruwa."

"Bar min abata. In kewarka ta dame ni, ita zan riƙa ƙwanƙwasawa."