Yadda Za Ka Zagi Gwamna Har A Kore Ka Zuwa Sibiriya

Kai marubuci, ka san dai a ƙasar nan ba a ganin mutum da gashi sai 'yan sanda sun taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda aka kora Sibiriya, yankin ƙanƙarar nan na can gabas, shi 'yan mata ke haddace baitocinsa. Wanda aka bari a gida kuwa, ko surukarsa ba ta karanta shi. To kwantar da hankalinka. Ni Yefim Kuzmich na yi furfura a harkar zambo, kuma na yi maka alkawari: ka bi matakan nan, kafin ƙanƙara ta narke kana kan keken doki an nufi gabas da kai.

Mataki na 1: Sa a busar maka da burodi

Duk marubucin kirki yana da buhun busasshen burodi a bayan ƙofa, guzurin ranar da za a zo kama shi. Sa matarka ta yanka ta busar a kan murhu, ka kuma tabbata maƙwabta sun gani. Tawa, Agafya, da farko har kuka ta yi. Da abin ya daɗe sai ta ce, "Yefim, wai yaushe za su zo ne? Ɓeraye fa sun fara cin rabonka." Kada ka tanka. Dubi taga kamar mai jin takun dawakai.

Mataki na 2: Nemo dabba

Ba a kiran suna, wannan aikin 'yan koyo ne. Gwamnanmu yana da jan wuya mai reto, idan ya fusata sai ya kumbura. Sai na rubuta labarin talo-talon da aka ba mulkin tsakar gida, ya hana kaji yin ƙwai sai da izini, ya kuma ba kansa lambar yabo don rana ta fito a kan lokaci.

Mataki na 3: Karanta wa abokai

Saki labule, zuba shayi, rage murya. Gayyato wanda ka fi yi wa hassada. Nawa Zakhar Ilich ne, wanda aka taɓa tsarewa saboda waƙa a kan ramukan titi, har yau yana wani tari na musamman don kada a manta. Da na gama ya ce, "Kuzmich, kai kam ka gama yawo. Ka bar mini kujerar nan." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Mataki na 4: Kai wa mai tace rubutu

Tsaya gabansa ka ɗaga haɓa. Namu, Porfiri Savelich, ya karanta da jan fensirinsa a hannu, bai soke ko layi ɗaya ba. Ya ɗago ya ce, "Ashe ka san kiwo haka? Na matata sai mutuwa suke yi. Me ake ba su?" Kada wannan ya karya maka gwiwa. Haka manyan mutane ke shan wuya.

Mataki na 5: Idan an aiko, tafi da buhunka

Bayan labarin ya fito a jarida, ɗan sanda ya zo da hantsi. Agafya ta rataya mini buhu, maƙwabta suka fito, na yi musu jawabin ban kwana har wata tsohuwa ta sa mini albarka.

Ina shiga, Gwamna ya rungume ni, wuyan nan na reto. "Yefim Kuzmich, ka kashe ni da dariya! Wannan talo-talo ai gwamnan lardin maƙwabta ne sak. Har wuyan!"

To, a nan ne za ka ce, "Kai ne, ranka ya daɗe." Kalma kaɗan, ka shiga tarihi. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan ƙanƙarar da ke zuba a waje, na tuna miyar kabejin Agafya. Tsoro ya kama ni har cikin takalmi. Na ce, "Ranka ya daɗe, idonka ba ya kuskure."

Nan take ya ba ni rigar sanyi, ya kuma ba ni kujerar Porfiri Savelich, wanda ya yi murabus don ya kula da talo-talo.

Mataki na 6: Dawo ta ƙofar baya

Maƙwabta suna nan gaba suna jimami, kada ka ɓata musu. Agafya ta karɓi buhun ta zazzage wa kaji. "Aƙalla ko su sa amfana," in ji ta.

Rubutun farko da ya iso teburina na Zakhar Ilich ne: labarin wani ɓera mai buhun burodi da ya daɗe yana jiran kyanwa ta cinye shi, ƙarshe ya zama magatakardanta. Na gane ni ne ɓeran, har gemuna ya sa masa. Ya tsaya gabana ya ɗaga haɓa, nasa buhun a kafaɗa, yana jiran Sibiriya. Na ajiye jan fensir, na buga masa hatimi, na ce, "Ashe ka san ɓeraye haka? Sun dame mu a gida. Me ake sa musu?"

Gargaɗi: mai wannan jagora ba ruwansa da duk wanda ya bi ta ya ƙare da rigar sanyi, ko ofis, ko teɓa. Mai ƙorafi ya rubuto ya kawo teburina, zan karanta da fensir.