Filashi Mai Baki Biyu

Inna, ke kika goyi Ilu, kin fi kowa saninsa, amma abin da ya yi bayan tafiyarki ba ki gani ba. Bari in ba ki labari. Gida yana nan yadda kika bar shi. Yaya Tasalla ta zo makoki ta daɗe ba ta koma ɗakinta ba, ni autanki ina nan ina buga bulo, Ilu kuma yana nan da kekensa da farin cikinsa irin na ƙwaryar nono. Magana yadda ta fito daga baki haka yake haɗiye ta, ba ya ɓare mata ɓawo.

Abin da ya rage naki mai numfashi shi ne wayarki, don namu ƙanana ne masu tocila, ba sa ɗaukar komai. A cikinta akwai waƙar da kike yi in kina tankaɗe, da addu'arki ta asuba, da faɗan da kika yi wa akuya ba ki san ana ɗauka ba. To batirin ya kumbura kamar ƙosai, sai wayar ta ga dama take kawo wuta. Yaya ta ce a sayo filashi mai arha, ɗan abin nan da ake soka wa waya a adana abin da ke cikinta, a kwashe muryar kafin wayar ta bi ki. Ni ƙafata ta ƙi hanyar kasuwa, don ta gaban inda kike kasa daddawa ake wucewa. Sai aka aiki Ilu.

Wata rana Yaya ta ce masa, "Filashi za ka sayo, ƙarami, mai riƙe abin da aka zuba masa." Da la'asar sai ga shi da jan filas na shayi ɗaure a bayan keke. "Yaya, har na gwada. Tun hantsi na zuba koko, taɓa ki ji." Yaya ta dafe kai. "Muryar Inna za a zuba, Ilu!" Ya juye kokon a kwano, ya kara wayar a bakin filas, ya kunna, ya jira waƙar ta ƙare, ya yi wuf ya rufe. "Kada wanda ya buɗe." Ranar aka fara dariya a gidan nan tun bayan jana'iza, Yaya tana yi tana share ido da bakin zane.

Wata rana aka tura shi wajen Ɗan'asabe mai tura wa mutane waƙa a waya, aka ce ya nemi ragi. Ɗan'asabe ya ɗauko wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino ya ce, "Ga mai baki biyu, da waya da kwamfuta duk yana yi." Ilu ya ja da baya. "Riƙe abinka. Innarmu ta ce mai baki biyu ba a ba shi amana." Ɗan'asabe ya ce, "Haba Malam Ilu, duba mana, in wannan bakin yana aiki, wancan a rufe yake da murfi." Ilu ya juya shi, ya sake juyawa. "To ai ya fi mutane da yawa hankali." Sai ya tuna da ragi. "Cire baki ɗaya, ka rage min kuɗinsa." 'Yan rumfa suka yi ta dariya, Ɗan'asabe ya rage masa don kada ya sa haƙori ya cire da kansa.

Wata rana Yaya ta zauna za ta kwashe muryar, ta danna, shiru. Ta ce, "Kash, wayar ta mutu," ta fita aron caja. Ta dawo ba waya, ba Ilu. Can ta same shi a bayan ɗaki gindin zogale, fartanya a hannu, yana daddale ƙasa. Ashe wayar ya naɗe a farin ƙyalle, ya binne ta yana fuskantar da ita gabas. "Yaya, ba a jinkirta wa mamaci." Yaya ba ta tsaya magana ba, da farce ta tone. Aka kakkaɓe ƙasa, aka sa caji, muka zuba ido kamar masu jiran ganin wata. Da fuskar wayar ta yi haske, Ilu ya yi kabbara ya ruga zaure. A zama ɗaya Yaya ta juye komai cikin filashi.

Wata rana, da za ta koma, ta damƙa masa filashin ta ce, "Kai ne babba a gida yanzu. Ka tabbata kowa ya samu." Ita su Kawu da Gwaggo take nufi. Ilu ya fara daga gidan farko na bakin rafi, yana sallama yana cewa, "An ce kowa ya samu." Inda masu gida ba su iya ba, samarinsu suka tura musu a waya. Mai niƙa ya samu, mai faci ya samu, har baƙon da ya tsaya tambayar hanya bai tsira ba. Kafin Juma'a garin nan kaf ya haddace faɗanki da akuya. Yaya ta bugo waya tana huci. "Ka tallata mana uwa kamar gyaɗa!" Ilu ya sunkuyar da kai. "Ke kika ce kowa."

Yau da safe wayarki ta ƙi tashi, mutuwar gaske. Na runtse ido na ratsa kasuwa, na kai wa Ɗan'asabe filashin ya kunna min muryarki. Ya sa wannan baki, ya sa wancan, ya hura, ya sake sawa. Ba komai a ciki. Ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Arha ba ta ado." Na taho ban san inda nake taka ƙafa ba, kamar yau aka fita da ke.

Ina zuwa daidai katangar Baba Dije, ƙawarki, sai na ji ki. Waƙar tankaɗe ce, har da ɗan tarin da kike yi a tsakiya. Na yi sallama. Baba Dije tana zaune da rariya, waya jingine da turmi. Ta ce, "Auta, shigo. Kullum tare muke tankaɗe, ni da ita. Kuma har yanzu ta fi ni sauri." Da na fito, mai niƙa ya kashe injinsa, na ji kina yi wa akuya faɗa daga aljihunsa.

Ga Ilu can ƙofar gida yana ba taya iska, har yanzu yana ɗauke kai in ya gan ni, a zatonsa laifi ya yi. Bai san filashin ya mutu ba, Yaya ma ba ta sani ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna, Inna. Ke na fara gaya wa.