Habbatus Sauda a Bindigar Baba

Maigidana ya gaji tsohuwar bindigar mahaifinsa, irin wadda ake ja wa ƙarfe ƙasa kafin ta ɗanu. Ran nan ƙarfen ya cije, ya yi ta fama ya haƙura. Ni da na warkar da tarin ɗanmu Hamza da man habbatus sauda, me zai gagare ni? Na kai Hamza gidan maƙwabta don tsoro, na tuttula wa bindigar rabin kwalba. Zafin Makka, inda muke zaune, ya mai da man danƙo, har yau ƙarfen bai sake motsi ba.

Maigidan ya daɗe yana shinshina ta. "Ummu Hamza, shekara arba'in tana hannun Baba, ba ta taɓa mura ba."

Yanzu ko fanka ta tsaya, sai surukata ta dube ni ta ce, "A kira daktora."