Yadda Ake Gashin Burga da Icen Lemun Matarka

Ka sayi murhun gashi mai murfi da taya, ka gayyato mutanen ofis har da oga, yanzu kuma so kake a tashi ana cewa kai ne ka san hayaƙi. To, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na ba ka tabbacin za a daɗe ana zancen gashinka, a ofis da cikin gidanka.

1. Raina gawayi

Gawayi na masu son nama ya gasu ne kawai. Kai ƙamshi kake nema. Duk wanda ya kawo maka zancensa, ka dube shi da tausayi, ka ce masa icen kayan marmari ne ke sa nama zaƙi, ka gani a waya. Ba sai ka faɗa masa rabin bidiyon ka kalla data ta ƙare ba.

2. Tace itatuwan

Icen tuffa ya fi kowanne, amma kai ba ka taɓa ganin bishiyarta ba sai a jikin kwalin abin sha. Gwanda bututu ce mai ganye. Ayaba kuwa in ka sa ta a wuta, ita za ta kashe wutar. Mangwaron maƙwabci na da kyau, sai dai maƙwabcin tsohon soja ne.

Kada ka ɓata lokacinka zuwa wajen mai itace. Guntun da ya rantse maka na gwaiba ne, in ka ce lemu kake so, shi zai juya ya miƙo maka.

3. Dubi tsakar gidanka

Ga ta nan kusa da famfo, bishiyar lemun matarka. A bokitin fenti ta kawo ta lokacin da kuka tare. Shekara da shekaru tana ba ta ruwan wankin shinkafa, ta kewaye ta da karyayyun kujeru saboda ƙwallon yara, kai kuma kana kiranta sandar ado. Bana ne ta fara fure, ga 'ya'ya sun fito korra sharr, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba. Kullum da safe sai ta je ta duba su kafin ta ɗora shayi, ta ma riga ta yi wa mahaifiyarta alkawarin na farkon da ya nuna.

Wannan duk tarihi ne. Gwani ice yake gani.

4. Nemi fili

Roƙi matarka ta je gidan yayarta aron manyan farantai. Ka san yayar, ba ta sakin mutum sai ta ba shi labarin dangi kaf. Tana fita ka kira abokinka Dogo ya zo da zarto. Dogo zai tabbatar maka sara na ƙara wa bishiya 'ya'ya, kuma maganarsa abin riƙewa ce, tunda ko barkono bai taɓa shukawa ba.

Reshe ɗaya za ku cire. Sai bishiyar ta karkace, dole ku cire na ɗaya gefen ta daidaita. Sai kuma na sama ya yi tsawo shi kaɗai, abin ba tsari. Ku ci gaba da gyara har ta koma kamar abin rataye riga. Ganyen da 'ya'yan, a tura su bayan tankin ruwa.

5. Hura shi ɗanye

Masu tsoro na cewa a bar ice ya yi watanni yana bushewa. Su ba su gayyaci oga ba. Jera shi ɗanyensa, in ya ƙi kamawa ka yayyafa masa kananzir. Hayaƙi zai taso fari fat, ya cika gida, ya tsallaka katanga ya shiga shanyar tsohon soja. Baƙi za su fara tari suna share hawaye. Faɗa musu ƙamshin ne ke ratsa su, sannan ka riƙa ɗaga murfin a kai a kai don su ga kana aiki.

6. Kare ɗacin

Naman zai fito baƙi ƙirin a waje, jini a ciki, ga ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Kada ka ba da haƙuri, haƙuri na 'yan koyo ne. Miƙa wa oga babbar tsoka, ka tsaya a kansa har ya tauna, ka tambaye shi ko ya ji lemun. Zai ce ya ji. Wallahi ya ji.

7. Tarbi matar gida

Daidai nan za ta shigo da farantai a hannu. Za ta gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, da fara'arta. Za ta tsaya gaban kututturen, ta daɗe, kai kuma ka duƙufa kan wuta kamar an aiko ka. Kada ka sa ran ihu, da ihun ne ma da ka ji sauƙi.

Bayan tanki za ta zagaya. Za ta tsince ƙananan lemun nan daga cikin ganye, ta wanke su tas, ta jera a farantin baƙi mai zanen fure, ta ajiye gaban oga.

"Bismillah, ranka ya daɗe," za ta ce. "'Ya'yan farko ne. Na so su nuna, amma maigidan yana sauri."

Oga zai tuna yana da wani uzuri. Dogo ya riga shi fita, ya bar maka zartonsa jingine da kututturen.

Sanarwa

Ni ice na koya maka zaɓa, kuma ka zaɓa. Ban riƙe zarto ba, ban san ƙofar gidanku ba, tarin oga da shanyar soja duk a wuyanka suke. In kuma daga yau matarka ta koma amsa maka kowace magana da "to" tana kallon tsakar gida, kada ka neme ni. Naman da ya yi ɗaci zubarwa ake yi a huta. Wannan ɗacin nata kuwa kullum za a ajiye maka shi a gabanka, kuma sai ka ci.